Gona ɗaya, farashi biyu

A Mahuta, cikin ƙaramar hukumar Kafur, masara da dawa da auduga ne noman fita kunya, amma akan sami mai ware 'yan kunyoyi a bakin fadama ya dasa taba. Irin wannan gona wasu wa da ƙane suka gada. Tare suka yi dashe, tare suka ciri ganye da kaka, a rumfa ɗaya suka shanya shi cikin inuwa, sannan suka raba. Da bazara suka kai wa mai sayen taba a Funtuwa. Ya murza na wan, ganye ya lanƙwasu bai karye ba, ya sunsuna, ya yi tayi mai kyau. Ya taɓa na ƙanen, sai ya ruguje masa a hannu. Ya ce wannan ko rabin kuɗi albarka.

Ƙanen bai zame ko'ina ba sai gidan kawunsu.

"Kawu, Yaya ya cuce ni a rabo. Ya kwashe mai kyau ya bar mini datti."

Kawu ya tambaya wa ya fara zaɓe ranar rabon. Ashe ƙanen ne, kuma a gaban mutane. Zancen cuta ya faɗi. Aka koma kan kanwa, ko wan ya barbaɗa wa tasa a ɓoye. Nan ma babu, don kanwa sai an zo niƙa taba gari ake sa ta, wannan kuwa ganye ne sukutum. Har an fara raɗe-raɗen baki da asiri, dattijo ya ce a bar wannan tukuna, kowa ya nuna masa inda ya ajiye kayansa.

Ƙanen ya gina sabon ɗaki mai rufin kwano, a can ya rataye tasa cikin buhu, ta sha hunturu, ta sha zafin bazara. Wan kuwa tsohuwar randa ya samu a ɗakin ƙasa mai jinka, ya danna ganyen a ciki ya rufe da faifai, kusa da randar ruwan sha, yana buɗewa lokaci-lokaci ya juya. Ganyen taba yana shan danshin iska, yana kuma sakinsa. Da hunturu danshin iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, don haka wanda aka rataya a sarari dole ya ƙone da bushewa. Ɗan goro ya san wannan, shi ya sa ba ya barin huhunsa a buɗe.

Sai dai magana ba ta ƙare a nan ba. Ƙanen ya ce in ruwa ne matsalar, ai da sauƙi. Ya yayyafa wa sauran tasa ruwa ya rufe. Washegari ganye ya yi laushi, amma ƙamshi bai zo ba, ƙaurin da kaifin suna nan, bayan 'yan kwanaki ma fumfuna ta kama gefe guda. To me randa ta yi wanda yayyafi ya kasa?

Lokaci ne. Ganyen da ke danne cikin danshi matsakaici yana ci gaba da nuna a hankali wata da watanni: iskar amoniya mai kaifin wari tana fita, ɗaci yana raguwa, launi yana daidaita. Wanda ya bushe ƙayau ya tsaya cak, man da ke ɗauke da ƙamshinsa ya tashi, kuma ruwa ba ya dawo da shi. Ruwan da ya yi yawa kuwa ruɓa yake kawowa.

Wannan ilimi shi ne ake sayarwa da tsada a ƙasashen waje. A lardin Pinar del Río na Kyuba, inda ake noman ganyen naɗaɗɗiyar tabar nan mai kauri, jibge ganye ake yi tsibi-tsibi ya yi gumi, a juya, sannan a ɗaure a ajiye shekara ɗaya ko fiye. Mai saye kuma yana da akwatin riƙe danshi da aka shimfiɗe cikinsa da katakon sida, yana tsare danshi wajen kashi 65 zuwa 70, zafi kuma digiri 18 zuwa 21, don in ya haura haka ƙwaron taba kan ƙyanƙyashe ya huda kaya. Ko kamfanin taba na NTC da ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959 bai zo da abin da ya wuce wannan ƙa'ida ba wajen adana ganye. Ina takaicin yadda muke raina randa da ɗakin ƙasa don kawai mun sami kwano.

Kawu ya sasanta 'ya'yansa. Amma mai karatu ya riƙe wannan: ajiya tana gyara ɗanɗanon taba ne kawai, ba ta cire gubarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma wadda ta kwana a randa ma tana cikin lissafin.