Babi na Bakwai: Saniya da Abin da Ke Cikin Tumbinta

Idan malamin firamare ya zo koyar da darasin shanu, abu ɗaya ya saba yi. Ya zana saniya a allo, ya ja kibiya zuwa ƙaho, wata zuwa hantsa, wata zuwa wutsiya, sannan ya rubuta a ƙasa cewa muna samun nama da nono da fata da taki. Yara su maimaita da ƙarfi har a kaɗa ƙararrawa. To yaron Wudil ko Maigatari ko Potiskum, wanda yake ratsa kara duk ranar kasuwa, me aka ƙara masa? Ya san nama daga sa yake fitowa tun kafin a sa shi a makaranta. Abin da bai sani ba, wanda manya da yawa ma ba su sani ba, shi ne yadda busasshen kara da karmami, waɗanda cikin ɗan Adam ba ya iya yin komai da su, suke komawa tsoka da kitse. Duk ilimin kiwo daga wannan tambayar yake tsirowa, har da gardamar da ake ta yi a rediyo kan kiwon killace.

A fara da baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, ko ɗaya. Dasashi ne kawai mai tauri a wurin. Da harshe take naɗo ciyawa, ta danne ta tsakanin dasashin da haƙora takwas na ƙasa, ta fizge, ta haɗiye kusan ba tauna. Waɗannan takwas ɗin su dillali yake dubawa idan ya ɓare bakin sa a kara: manyan haƙora biyu na farko suna maye gurbin na nono wajen shekara 2, ana ƙara bibbiyu har baki ya cika wajen shekara 5. Mai sa yana iya rantsuwa kan shekarunsa yadda ya ga dama, dillali haƙora yake ƙirgawa.

Yanzu ga maganar da na gaji da ji, har a littattafan makaranta: wai saniya ciki huɗu gare ta. Ba haka ba ne. Ciki ɗaya gare ta, mai ɗaki huɗu, kuma ɗakunan ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farko shi ne babban tumbi, wanda ya cika kusan duk gefen hagu na cikinta. A babbar saniya yana ɗaukar sama da lita 100, wato jarka huɗu ta lita 25 da ɗoriya. Na biyu ƙarami ne, yana manne da shi ta gaba, bangonsa ƙananan ramuka ne masu kusurwa shida. Na uku falle-falle ne a jere, yana matse ruwa daga abincin. Na huɗu kaɗai ne yake aiki irin na cikin mutum, yana zubo ruwa mai tsami da ke narkar da abinci. Duk wanda ya taɓa sayen kayan ciki a wurin mahauci ya ga huɗun nan, ya ci su a farfesu, bai dai tambaya ba.

Abin mamakin shi ne, babban tumbin nan ba ya fitar da ruwan narkarwa ko ɗigo. Saniya da kanta ba ta iya narkar da zaren ciyawa, kamar yadda mu ma ba mu iyawa. Wasu ne suke yi mata aikin. Cikin tumbi cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, iri-iri, kuma waɗanda ke cikin cokalin shayi ɗaya na ruwan tumbi sun fi mutanen duniya gaba ɗaya yawa. Su ne suke tsima ciyawar, kamar ƙullun koko da ya kwana ya yi tsami. Abin da suka fitar a tsimin nan bangon tumbi yake tsotsewa, kuma shi ne yake ba saniya wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Ba a nan abin ya tsaya ba. Halittun suna hayayyafa dare da rana, ruwa yana kwashe wasu zuwa ɗaki na huɗu, a can saniya ta narkar da su su kansu, ta gina tsoka da su. Ashe balangun da aka yanka maka da yamma, yawancin sinadarin gina jiki da ke cikinsa daga jikin waɗannan halittu ya fito. Makiyayi yana ganin shanu yake kiwo. A gaskiya mazauna tumbi yake ciyarwa, su kuma su ciyar da shanun.

Malamai su kiyaye da kiran duk abin da ido ba ya gani "ƙwayar cuta". Yaron da aka gaya wa haka zai ɗauka tumbi ciwo ne a cike. Idan waɗannan halittu suka mutu, saniya tana iya tsayawa a tsakiyar makiyaya ta rame.

Tuƙa kuwa, wadda ake gani shanu suna yi a inuwa da rana tsaka, ba lalaci ba ce. Saniya tana dawo da loma daga tumbi zuwa baki, ta tauna ta sau 40 zuwa 60, ta sake haɗiyewa, ta dawo da wata. Takan yi wajen awa 8 a rana tana wannan. Amfaninsa biyu ne. Ciyawar tana daɗa niƙuwa, sannan yawu yana zuba, wanda a babbar saniya yakan wuce lita 100 a rana, kuma yawun yana da sinadari mai kashe tsami da ke hana tumbi yin tsami fiye da kima. Tumaki da awaki da barewa duk haka cikinsu yake. Raƙumi ma yana tuƙa, amma ɗakunansa uku ne. Doki da jaki ba sa yi sam, su a ƙarshen hanji tsiminsu yake faruwa. Iskar da tsimin saniya yake haifarwa, wadda masana ɗumamar yanayi suke kuka da ita, yawancinta ta gyatsa take fita, ba ta inda yara suke zato suna dariya ba.

Akwai wani abu da nake so kowane ɗalibi ya ji labarinsa. A cibiyoyin binciken dabbobi na ƙasashe da dama, likitoci suna huda gefen hagu na saniya, su dasa wata ƙawanya ta roba mai murfi da ta zarce har cikin tumbi. Ciwon ya warke, saniyar ta ci gaba da kiwonta, ta yi shekaru da taga a jikinta. Mai bincike ya buɗe murfin, ya zura hannu har kafaɗa, ya ajiye 'yar jaka mai ɗauke da harawa ko dusa, bayan wasu awanni ya ciro ya auna abin da ya narke. A wasu jami'o'in Amurka, ranar da aka buɗe ƙofa ga baƙi, yara 'yan makaranta suna layi, a sa musu doguwar safar hannu, su zura su ji ɗumin ciki da yadda tumbi yake matsawa yana saki, saniyar kuwa tana ta cin abincinta. Irin wannan saniya har magani take bayarwa. Idan wata ta yi ciwo, halittun tumbinta suka mutu ta daina ci, sai a ɗebo ruwan tumbin mai taga a ɗura mata, a sake shuka mata iri.

Maraƙi ba a haife shi da wannan baiwa ta tumbi ba. Bayan ya yi wata 9 da 'yan kwanaki a ciki, yana zuwa da ƙanƙanen tumbi da ba ya aiki. Idan yana tsotso, wata 'yar hanya tana rufewa ta wuce da nono kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. Halittun a hankali yake samun su, daga lasar uwarsa da ciyawar da yake tsinka, har tumbin ya buɗe cikin 'yan watanni.

Tunda muna kan gyaran kuskure, a kawar da wasu biyu. Tozo ba ruwa ne a ciki ba. Tsoka ce da kitse, mahauta shaida ne, kuma masu sayen tozo ba ruwa suke biya ba. Sannan jan kaya ba ya fusata sa. Idon shanu ba ya bambance ja yadda namu yake yi. A wasan da ake yi da bijimai a Sifen, kaɗawar mayafin ce take tunzura bijimin, da fari ne ma haka zai taso. Duk da haka kada yaro ya je gwadawa gaban bijimin Rahaji.

Wanda ya gane tumbi zai gane yawancin asarar da ake yi a kiwon gida. Mutum ya sayi sa wata guda kafin babbar salla, yana ɗokin ya yi ƙiba, ya cika masa kwano da tsakin masara ko dawa a rana ɗaya. Hatsi yana tsimuwa da sauri, tumbi ya yi tsami ƙwarai, halittu masu narkar da ciyawa su mutu, sa ya kama zawo ya daina tuƙa, wani lokaci ya faɗi. Sai a ce baki ne ko sammu. Ba baki ba ne, gaggawa ce. Sabon abinci kaɗan-kaɗan ake ƙara shi cikin mako 2 zuwa 3, kuma ba a yanke harawa. Ɗanyen ganyen wake mai raɓa idan ya yi yawa yana kawo kumfa, gyatsa ta kasa fita, gefen hagu ya kumbura. Gyauron dawa yana da guba tun yana ƙarami. Ƙusa ko waya da saniya ta haɗiye tana faɗawa ɗaki na biyu, wanda yake dab da zuciya, tana iya hudawa ta kai can, shi ya sa a wasu ƙasashe ake haɗiyar da shanu maganaɗisu ya zauna a wurin yana kama ƙarfe. Leda ta fi duka muni a garuruwanmu. Babu halittar tumbi da ke cin leda. Tana taruwa ta dunƙule da igiya da tsumma, dabba ta ga abinci ta kasa ci, ciki a cike, jiki a rame.

Sai batun kiwon killace, wanda kowa yake da ra'ayi a kai. Mutane suna ɗauka shinge ne sirrinsa. Gaskiya ne wayar ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a Amurka a 1874, ta taimaka wajen kawo ƙarshen sakin shanu a filayen ƙasar. Amma waya ba ta ƙara wa sa ko awo ɗaya. Matsalarmu rani ce. Halittun tumbi suna bukatar abinci mai aƙalla kashi 7 cikin 100 na sinadarin gina jiki. Gamba tana da shi da damina, amma idan ta bushe yakan sauka zuwa kashi 2 ko 3, halittun su yi sanyi, saniya ta koma cin naman jikinta. Ƙibar damina ta zube da bazara. Haka ake yi shekara bayan shekara, shi ya sa sa yakan kai shekara 4 ko 5 kafin ya isa yanka, alhali a Amurka ana yanka shi bai cika 2 ba. Bafulatanin da ke yin kudu da rani ba yawo yake so ba, ɗanyar ciyawa da ruwa yake bi, kamar yadda makiyayan Nijar suke haɗuwa a Ingal ƙarshen damina don gishirin ƙasar wurin. Ka killace shi ba tare da tanadin abincin rani ba, yunwa ka yi wa shinge.

Kuma ba irin shanunmu ne da laifi ba. Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu, yawancin garkenta masu tozo ne, asalinsu daga Indiya, dangin Bunaji da Bokolo. Su dai sun shuka makiyaya. A nan ma an gwada. An buɗe gandun shanu na Obudu a 1951, aka yi na Mokwa a shekarun 1960 inda aka riƙa turka shanu da ragowar ruwan rake na kamfanin sukarin Bacita, gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, a shekarun 1980 masu bincike suka koya wa makiyayan kudancin Kaduna killace 'yan kadada su shuka wata ciyawa dangin wake don rani. Cibiyar Shika ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tana aikin irin shanu da abincinsu, ta Vom tana yin allurar rigakafi, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. Manomi na ƙauye ya riga su sanin maganin a aikace: rumbun harawar gyaɗa da ta wake a kan bishiya, kowa, dusa, angurya, kanwa, da 'ya'yan gawo da ke zuba daidai lokacin da komai ya bushe.

Sauran hanyar daga kara zuwa tukunya ba sai na daɗe a kai ba. Dillali, tirela zuwa Legas ko Fatakwal, kwata, likitan da ke duba huhu da hanta kafin a fitar da nama, sannan mahauta. San da ya kai kilo 300 yana raye, wajen rabi ne gangar namansa da ƙashi. Sauran kai ne da ƙafafu da fata da jini da kayan ciki, da kuma abin da ke cikin tumbi, wanda shi kaɗai yakan kai kilo 30 ko fiye.

Darasin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Malami ya je wurin mahauci da sassafe ya karɓo yanki daga kowane ɗaki huɗu, a wanke, yara su taɓa su jera su bi da bi. Wata rana a nemi izinin mai turke a unguwa, yara su tsaya nesa kaɗan da agogo, su ƙirga sau nawa sa yake tauna loma ɗaya, su lura da yadda take gangarawa a wuyansa wata ta hauro. Idan dabbar mai sanyin hali ce kuma mai ita yana riƙe da igiya, babban ɗalibi ya danna dunƙulen hannu a ramin da ke gaban ƙugunta na hagu. Zai ji tumbi ya taso ya ture hannun, sau ɗaya ko biyu a minti guda. Likitan dabbobi ma daga nan yake fara duba saniyar da ta ƙi ci.