Yadda Ake Canza Altaneta a Tsohuwar Tarakta da Motar A-kori-kura

Gabatarwa

A arewacin Jihar Yobe, daga Nguru zuwa Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, har zuwa Gashuwa, damina ba ta da tsawo. Ruwa kan zauna a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kafin Oktoba ya ɗauke. Manomin da taraktarsa ta ƙi tashi na mako ɗaya a lokacin kaftu ya yi asarar da ba za ta ramu ba sai baɗi. Da yawa daga cikin injinan da ke hannun manoma tsofaffi ne, kamar tarakta Massey Ferguson 135 wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, da a-kori-kura Peugeot 404 da 504 na kamfanin da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Injinansu suna da ƙarko, amma ɓangaren wuta kan ba da wahala, musamman altaneta.

Altaneta ita ce ke samar da wuta idan inji yana aiki, ta mayar wa batir abin da aka zuƙa wajen tayarwa, ta kuma riƙe fitilu. Idan ta mutu, inji zai ci gaba da aiki na ɗan lokaci, amma batir na ƙarewa a hankali, har a wayi gari sai da turi. Turin tarakta kuwa a cikin rairayin Karasuwa ba aikin mutum biyu ko uku ba ne.

A tabbatar da laifinta tukuna

Ba duk mutuwar batir ba ce laifin altaneta, kuma ana yawan sayen sabuwa alhali ta jikin injin lafiyarta ƙalau. A fara da duba fambel. A danna shi da babban yatsa a tsakiyar tazara mafi tsawo. Idan ya lotsa fiye da kimanin santimita 1, ya yi sako-sako, yana sulɓewa ne a kan fuli. A duba kawunan batir, a kankare farin garin da kan taru a kansu, a kuma duba wayar da ta haɗa batir da jikin ƙarfe.

Bayan haka sai a auna da mita. Cikakken batir, inji a kashe, yakan nuna folt 12.6 ko kusa da haka. A tayar da inji, a ɗan ba shi wuta, a sake aunawa. Lafiyayyar altaneta za ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Idan bai ɗaga daga 12 ba, ba ta caji. Idan ya haura 15, tana cika caji, ruwan batir zai riƙa ƙonewa, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba ba gargaɗi kaɗai take yi ba. A yawancin tsofaffin injina, ta cikinta ne ɗan wutar da ke farkar da altaneta ke bi. Idan ƙwanta ya mutu, altaneta na iya ƙin caji ko da sabuwa ce fil. Don haka idan an murɗa makulli fitilar ba ta kama ba, a canza ƙwan kafin a taɓa komai.

Ana roƙon malaman gona su hana wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato cire kan batir inji yana aiki don a ga ko zai mutu. Wannan gwaji na zamanin dainamo ne. A kan altaneta, wutar kan yi tsalle ta ƙone ƙananan na'urorin da ke cikinta, sai mai lafiya ta lalace a wurin gwajin.

Gyara ko saye

Ƙurar hunturu da rairayin wannan yanki suna saurin cinye buroshi da boris. Idan matsalar ta tsaya a nan, mai gyaran wayar mota a Nguru ko Gashuwa zai iya canza su da kuɗi kaɗan. Amma idan wayoyin ciki sun yi baƙi suna warin ƙuna, gara a canza ta ɗungurungum.

Duk wanda zai je saye, ko a nan kusa ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da tsohuwar a hannu. A jera su, a ga kunnuwan ɗauri sun yi daidai, faɗin ramin fuli ɗaya ne, wuraren haɗa waya kuma sun dace. Wasu tsofaffin altaneta na Peugeot na'urar daidaita wutarsu a waje take, a jikin mota, ta sababbi kuwa a ciki take, don haka haɗin waya ya bambanta. Wasu a-kori-kura masu amfani da gas suna da famfon iskar birki a bayan altaneta. Wanda ya sa marar famfo zai ji birki ya yi tauri. Idan ta gwanjo ce, kada a biya sai an gwada ta a gaban mai saye.

Cirewa da ɗaurawa

A kashe inji, a zare makulli, a cire kan batir mai alamar ragi kafin komai. Babbar wayar da ke bayan altaneta tana da wuta ko da inji a kashe yake, kuma sifana ta taɓa ta tare da jikin ƙarfe, gobara na iya tashi. A yi wa kowace waya alama kafin a cire, ko a ɗauki hotonsu da wayar hannu. A sassauta notin ƙarfen da ke jan fambel, sannan na ƙasa, a tura altaneta wajen inji, fambel zai saki. Sai a zare ta.

A goge wurin zamanta har ƙarfe ya fito fes, domin ta jikinta ne wuta ke komawa. A ɗora sabuwar, notuna a sake tukuna. A tsaya daga gefe a hanga, fulinta ya zama a layi ɗaya da sauran. In ya karkace, fambel ba zai yi wata guda ba. A ja ta da katako, ba da ƙarfe ba, har fambel ya kai lotsawar santimita 1, sannan a ɗaure. Kada a matse fiye da haka. Wannan fambel ɗin shi ne ke juya famfon ruwan lagireto, in ya yi tsauri zai ci boris na biyun, in ya yi sako-sako inji zai yi zafi. Babbar waya tana zuwa wurin da aka rubuta B+, ta jar fitila kuma wurin D+, wanda a wasu ake rubuta L ko IND. Kan batir mai alamar ragi shi ne na ƙarshe da za a mayar.

Idan dainamo ce a jikin taraktar

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Tsofaffin tarakta da yawa sun zo da dainamo ƙirar Lucas mai ba da amfiya 22, wadda kusan ba ta caji idan inji na tafiya a hankali. Mayar da su kan altaneta mai amfiya 35 zuwa 45 shawara ce mai kyau, amma ba cire wannan a sa wancan ba ne kawai. Wasu daga cikinsu, kan batir mai alamar tarawa ne aka haɗa da jikin ƙarfe. Altaneta ta yau da kullum kuwa tana buƙatar mai alamar ragi a jikin ƙarfe, kuma in aka haɗa ta a juye, nan take za ta ƙone. Dole a juya haɗin batir, a musanya wayoyin mitar caji, a fitar da tsohon akwatin daidaita wuta daga layi, a sa waya mai kauri zuwa batir. A wasu kuma, igiyar agogon da ke ƙirga awannin aiki a bayan dainamo take, sai a nemi altaneta mai irin wannan maɗauri. Wannan aiki a bar wa ƙwararren mai gyaran waya.

Bayan an gama, a tayar da inji, jar fitila ta mutu, mita ta nuna 13.8 zuwa 14.4 ko da fitilu suna kunne. Sabon fambel yakan miƙe, don haka a sake duba shi bayan aikin yini ɗaya ko biyu. Duk ranar da za a yi walda a jikin tarakta ko garmar da ke haɗe da ita, a cire kan batir da wayoyin altaneta tukuna. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watan Afrilu ko Mayu, tun hadari bai fara haɗuwa ba.