TALAKAWAN INGILA DA ISKAR GAS: AN YANKE BUTUTU, BA A TAMBAYI MAI ƊAKI BA

A cikin watan Fabrairu na 2022 ne 'yan sanda suka ɓalle ƙofar wani sashe na gidan bene a unguwar Peckham da ke kudancin birnin Landan, watau unguwar nan da 'yan Nijeriya suka yi yawa har ake yi mata laƙabi da ƙaramar Ikko. Abin da suka tarar a ciki ya girgiza ƙasar Ingila baki ɗaya. Gawar matar da ke haya a wurin ce, kuma bincike ya nuna cewa tun wajen watan Agusta na 2019 ta rasu, watau ta yi kusan shekara biyu da rabi a kwance, ba wanda ya shiga ya duba ta.

Gidan na ƙungiyar Peabody ne, wadda wani attajiri Ba'amurke mai suna George Peabody ya kafa a 1862 domin samar wa talakawan Landan muhalli. Maƙwabta sun yi ta kai kuka a kan wari da tsutsotsi da kuma wasiƙun da suka taru a ƙofa. Kuɗin haya ya daina shigowa, sai ƙungiyar ta nemi Gwamnati ta riƙa biyan ta kai tsaye daga cikin kuɗin tallafin matar, aka kuwa amince. Da lokacin duba kayan gas na shekara ya yi a 2020, aka aika da wasiƙu ba amsa, aka ƙwanƙwasa ƙofa shiru, sai aka toshe bututun gas ɗin. A cikin Oktoba na wannan shekara 'yan sanda sun je har sau biyu, amma saƙon da ya koma wa ƙungiyar, bisa kuskure, shi ne wai an ga matar tana nan lafiya. Rahoton da aka fitar daga baya ya ƙirga sau 89 da aka nemi tuntuɓarta ba a dace ba, daga nan ƙungiyar ta fito ta nemi gafara.

Ba a iya gano abin da ya yi ajalin wannan baiwar Allah ba, kuma ba wanda ya ce gas ne. Amma labarinta ya tona wani abu da ya daɗe a rufe. Ranar da ma'aikata suka toshe bututun nan, sun cika sharaɗin takarda, domin gidan da ba gas a cikinsa ba ya bukatar shaidar dubawa. Tambayar da ba a tsaya an yi ba ita ce, wane irin mutum ne za a raba shi da wutar girki da ruwan zafi, hunturu ya zo ya wuce, bai ko ɗaga waya ya yi ƙorafi ba?

ME YA SA AKE DUBA GAS?

A Ingila galibin gidaje ta bututu iskar gas ke zuwa musu, kamar yadda ruwan famfo ke zuwa, da ita ake girki, da ita kuma ake hura tukunyar da ke dafa ruwan wanka da ɗumama ɗakuna. A ƙasar da sanyi kan kai ruwa ga daskarewa, wannan tukunya tana cikin abin da ke riƙe da ran tsoho da jariri. To, amma haɗarinta iri biyu ne.

Na farko shi ne yoyo da fashewa. Ita iskar gas ba ta da wari a asalinta, da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mutum. Da asubahin 16 ga Mayu 1968, wata mata a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi, ashe gas na yoyo. Fashewar ta fitar da bangon sashenta, kusurwar benen mai hawa 22 ta rufto tun daga sama har ƙasa, mutum 4 suka mutu nan take, 17 suka ji rauni. Wata biyu ke nan da fara tarewa a ginin. Bayan wannan ne aka kafa ƙungiyar rajistar masu aikin gas mai suna CORGI a 1970, a 1991 rajistar ta zama tilas, sa'an nan a 2009 rajistar Gas Safe ta maye gurbinta.

Haɗari na biyu ya fi wuyar ganewa. Idan tukunya ta lalace, ko bututun hayaƙinta ya toshe, ko iska ba ta isar wutar, sai ta riƙa fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ita ce dai gubar da ke cikin hayaƙin janareta da na garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har ninki 200 da ɗoriya, saboda haka sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai ɗauka mura ce ko gajiya, ya kwanta ya huta, wani kuwa daga wannan kwanciya ba ya tashi. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a jikin bango, to, akwai magana.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta ɗora wa kowane mai gidan haya, ko ɗan kasuwa ne ko hukuma, nauyin ya sa ƙwararre mai rajista ya duba tukunya da bututun hayaƙi da duk kayan gas da shi mai gidan ya saka, sau ɗaya a kowane wata 12. Tilas ya bai wa ɗan haya takardar shaidar dubawar a cikin kwana 28, ya kuma adana tasa har shekara biyu. Saɓa wa wannan laifi ne da kan kai mutum gaban alƙali. Bugu da ƙari, daga 1 ga Oktoba 2022 an wajabta wa masu gidajen talakawa a Ingila su saka ƙararrawar da ke jin gubar nan a duk ɗakin da ke da tukunyar gas ko makamanciyarta.

Gidajen da ake magana a kansu sun kai wajen miliyan 4 a Ingila. Waɗansu na ƙananan hukumomi ne, waɗansu na ƙungiyoyin gidaje ne da ba domin riba aka kafa su ba, kuma hayarsu ba ta kai ta kasuwa ba. Tun da Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar 1980 da ta ba 'yan haya ikon sayen gidajen hukuma da rangwame, an sayar da kusan miliyan 2, ba a kuwa gina madadinsu daidai da haka ba. A 2024 iyalai wajen miliyan 1.3 ne ke cikin jerin masu jiran gida. Da yake gidajen sun yi ƙaranci, mafi tsananin bukata ake fara ba, saboda haka tsofaffi da naƙasassu da masu taɓin hankali da 'yan gudun hijira sun yi yawa a cikin mazaunansu. Wanda ya yi shekaru yana jira kafin ya samu ɗaki kuwa, ba kasafai yake son ya ɗaga murya ba.

INDA AKE SAMUN SAKACI

Wani lokaci laifin na ofis ne tsantsa. A 2019 aka gano cewa kamfanin East Kent Housing, wanda ke kula da gidaje kimanin 17,000 a madadin ƙananan hukumomin Canterbury da Dover da Thanet da Folkestone da Hythe, ya bar ɗaruruwan gidaje wa'adin duba gas ɗinsu ya wuce. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar har ila yau akwai giɓi a wajen duba wutar lantarki da ruwa da rigakafin gobara. Hukumar da ke sa ido a kan gidajen talakawa ta tabbatar da cewa ƙananan hukumomin huɗu sun saɓa ƙa'ida, kuma a 2020 aka rushe kamfanin, kowace hukuma ta karɓe gidajenta. Irin wannan sakaci yakan samo asali ne daga rikitattun littattafan ajiya, da ɗan kwangilar da ba a bin sawunsa, da shugabannin da ke karɓar rahoton cewa kome lafiya ba tare da sun nemi gani da ido ba.

Wani lokaci kuma ƙofa ce ba ta buɗewa, a nan ne maganar masu rauni take. Mai gida ba shi da ikon ɓalle ƙofa da ƙarfin kansa. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya yi ta nema, ya rubuta kowane yunƙuri, in abin ya faskara ya nemi umarnin kotu. To, amma su wane ne ba sa buɗewa? Akwai tsohuwar da mantuwa ta kama, wadda ba ta tuna an yi mata alkawarin zuwa. Akwai kurman da ba ya jin ƙwanƙwasa. Akwai wanda ba ya karanta Turanci, wasiƙa uku sun zo ya ajiye su a kan tebur. Akwai wanda ciwon damuwa ya sa ya tara tarkace har yana kunyar baƙo ya gani, da matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, wadda ba ta yarda wani namiji ya shigo mata. A littafin ofis dukansu suna ɗaya gare su, watau waɗanda suka ƙi ba da haɗin kai.

Akwai kuma talauci. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna da mita irin wadda sai an saka kuɗi take ba da gas. Idan injiniya ya zo ya tarar ba ko kwabo a mita, ba shi da wutar da zai gwada, sau da yawa sai ya toshe bututun ya tafi. Sa'ad da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, iyalai da dama sun bar mitocinsu ba kuɗi. Ɗakin da ba a ɗumama shi kuwa sai ya yi laima, laima ta haifar da funfuna a bango, funfuna ta shiga ƙirjin yara. An kawar da haɗarin gas an shigo da wani.

GRENFELL DA AWAAB

Musibu biyu ne suka tilasta wa Gwamnati sake lale. Ta farko ita ce gobarar benen Grenfell a yammacin Landan ranar 14 ga Yuni 2017, inda mutum 72 suka rasu. Daga firji wutar ta tashi, ba daga gas ba, amma mazauna benen sun yi shekaru suna gargaɗi ba a saurare su ba, kuma daga cikin naƙasassu 37 da ke zaune a ciki, 15 sun mutu.

Ta biyu ita ce mutuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, a garin Rochdale kusa da Manchesta, cikin Disamba 2020. Iyayensa daga Sudan suka zo, kuma mahaifinsa ya kai ƙarar funfunar ɗakinsu tun 2017, aka ce masa ya shafa fenti. A Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewa cikin funfuna ce ta kashe yaron. Ma'aikatan ƙungiyar gidajen sun ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin ba tare da hujja ba. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin aka sallami shugaban ƙungiyar.

A Yuli 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da gidajen talakawa. Daga Afrilu 2024 hukumar sa ido ta samu ikon bin duk mai gidaje fiye da 1,000 ta duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu, ta ba shi daraja daga ta ɗaya zuwa ta huɗu, ta kuma ci tararsa ba iyaka. A da sai an nuna cewa 'yan haya na fuskantar mummunar cutarwa kafin ta sa baki, yanzu an cire wannan sharaɗi. A Oktoba 2024 ƙaramar hukumar Newham, inda benen Ronan Point ya taɓa tsayawa, ta zama ta farko da aka ba daraja ta huɗu, mafi ƙasƙanci. Sa'an nan daga 27 ga Oktoba 2025 dokar da aka sa wa sunan Awaab ta fara aiki: haɗarin gaggawa irin su yoyon gas tilas a duba a kuma kawar da shi cikin awa 24, mummunar laima da funfuna kuwa a bincika cikin kwanakin aiki 10.

SAURAN AIKI

Ofishin da ke sauraron koke-koken 'yan haya, a rahotonsa na Janairu 2024, ya yi nuni da cewa masu gidaje da yawa ba su san halin mutanen da ke zaune a gidajensu ba, ko kuwa sun rubuta amma ba sa duba rubutun kafin su yanke shawara. Doka tana iya ƙayyade awa da kwana, amma ba ta iya sa ma'aikaci ya tsaya ya tambayi maƙwabci yaushe rabonsa da ganin mai ɗakin.

Duba gas ita ce ziyara ɗaya tak da doka ta tilasta wa mai gida ya kai kowane ɗaki mai gas a kowace shekara. Ga wanda ba shi da kowa, mai yiwuwa injiniyan nan ne kaɗai zai taka ƙofarsa daga bana zuwa baɗi. Saboda haka duk ƙofar da ta ƙi buɗewa labari ne da ya kamata ya isa ga jami'in unguwa da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma duk bututun da aka toshe ya kamata a koma a ga yadda mai ɗakin ke kwana. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A Peckham an yi wa bututu rigakafi, aka bar mai ɗakin har shekara biyu da rabi. Allah ya kiyaye na gaba.