Kwamfutar da ta ƙi tashi a Huanshi Lu

Duk wanda ya taɓa raka babansa sari Guangzhou ya san Huanshi Lu, titin da ya ratsa unguwar Xiaobei, inda ginin Tianxiu yake da 'yan kasuwar Afirka. A wani ɗakin otal a nan ɗan kawuna ya baje kayan da ya sayo a Gangding, kasuwar kwamfuta ta Tianhe. Ya haɗa ta tsaf, ya danna maɓalli. Shiru kake ji, fanka ko motsi. Ga shi washegari za a ɗaure kaya zuwa Kano.

Nan take ya ce an cuce shi. Na ce, "Yaya, dakata tukuna."

Makunnin bayan akwatin wuta dai a kunne yake. Muka kashe shi, muka zare babbar igiyar nan mai ƙafa 24 daga babban allo, muka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, muka haɗa koriyar waya da baƙa, sannan muka kunna. Fanka ta juya. Akwatin wuta ya fita daga zargi ke nan.

Ashe matsalar 'yar mitsitsiya ce. Siririyar wayar maɓallin gaba, mai rubutun POWER SW, ya soka ta a ƙafafun fitila. Ban ga laifinsa ba sosai, rubutun wurin sai da tocilan ake karanta shi. Muka mayar da babbar igiya, na taɓa ƙafafu biyun na gaskiya da bakin sukundireba, sai ga ta ta tashi.

Yaya ya ɗauki wayarsa, ya goge dogon saƙon faɗan da ya rubuta wa mai shago.