Matan fadar Kano da hatsin ƙasa

A ƙasar Kurfai, kowa ya san darajar rumbu. Gidan da rumbunsa ya cika, ba ya tsoron bazara. A kasuwar Filinge, mata da yawa suna awon hatsi da tiya. Wannan aiki na mata ya daɗe a ƙasar Hausa, har cikin fadar sarakuna.

Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulkin Kano daga shekarar 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Shi ya kafa kasuwar Kurmi. Cikin fadar akwai ɗaruruwan mata.

A zamanin nan, talakawa suna biyan haraji da hatsi. Idan an kawo hatsin daga ƙauyuka, matan fada ne suke kula da shi. Su ne suke ajiya, su ne suke rabo. Da shi ake ciyad da mutanen fada da baƙi. A kasuwa kuma, akwai shugabar masu awo, sunan sarautarta Korama.

Wanda ya riƙe rumbu, maganarsa tana da nauyi. Madaki Auwa, matar Rumfa, ta yi ƙarfi ƙwarai. Ɗanta Abdullahi ya hau gadon sarauta a 1499, jikanta Kisoke kuma a 1509. Dukansu sun yi mulki tana da faɗa a ji.

Tambayoyi
1. Wa ya kafa kasuwar Kurmi?
2. Mene ne aikin Korama?