Gwamnatin da ta sayi tsofaffin firigo

Mai karatu, idan aka ce maka wata gwamnati ta ba mutane kuɗi don su rabu da tsohon firigonsu, za ka yarda? To an yi haka a ƙasar Gana. Bari ka ji dalili.

Gana tana samun wutar lantarki mai yawa daga madatsar ruwa ta Akosombo, a kan kogin Bolta. Ruwa ne ke juya injuna, injuna su ba da wuta. A shekarar 2006 da 2007 ruwan ya ja baya ƙwarai, wuta ta yi ƙaranci. Sai aka shiga raba ta unguwa-unguwa: yau ku samu, gobe ku kwana cikin duhu. Gina sabuwar tashar wuta kuwa aikin shekaru ne, ga cin kuɗi.

Sai hukuma ta duba cikin gidaje. Ta tarar ƙwan lantarki irin na da, wanda muke ce wa ampul, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Ka taɓa kai hannu kusa da shi yana kunne? Zafi ne zau. Yawancin wutar da yake sha zafi take zama, kaɗan ce ke zama haske. A 2007 gwamnati ta raba ƙwai miliyan 6 marasa shan wuta, kyauta, ta karɓe tsofaffin. Sabon ƙwai mai wat 15 yana ba da haske kamar tsoho mai wat 60. Wutar da aka tsimi da wannan musaya ta kai megawat 124. Ka ga tamkar an gina tasha guda kenan, ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Daga nan aka juya kan firigo. Shi firigo ba ya hutu, dare da rana yana aiki. A lokacin, da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen Gana tsofaffi ne, sun gama aiki a Turai aka kwaso su cikin jirgin ruwa. Suna da araha wajen saye, shi ya sa mutane ke rububinsu. Amma tsadarsu a baya take zuwa, ƙarshen kowane wata.

Yadda ake auna hatsi da tiya, haka ita ma wuta take da ma'auninta. A takardar kuɗin wuta za ka ga an rubuta kWh, shi ne ma'aunin. An lissafa cewa tsohon firigo yana shan wajen 1200 a shekara, sabo mai kyau kuma bai kai 400 ba. Wato abin da tsoho ɗaya ke sha ya ishi sababbi uku.

A 2012 Hukumar Makamashi ta Gana, da taimakon PNUD, ta fito da wani tsari. A lokacin, sai ka kai tsohon firigonka kantin da aka amince da shi, a ba ka takardar rangwame, ka zaɓi sabo, a rage maka kuɗi. Sharaɗin shi ne tsohon yana aiki, ba matacce ba, kuma ka bar shi nan. Wannan sharaɗi shi ne gishirin tsarin. Ka san halinmu: in ba a karɓe ba, sai a ba ƙane ko a kai wa suruka, ya ci gaba da shan wuta a wani gida. Waɗanda aka karɓa an wargaza su, an zuƙe iskar sanyin da ke ciki don kada ta gurɓata sararin sama. Firigo wajen dubu 10 aka musanya ta haka. Daga 2013 kuma aka tsananta hana shigo da tsofaffi ƙasar.

Ba a ce tsarin ba shi da giɓi ba. Rangwame ba kyauta ba ne, sai ka cika sauran kuɗin daga aljihunka, kuma sauran ya fi abin da aka rage nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana gani ya ƙyale. Mutumin ƙauyen da wuta ba ta kai ba, shi kam babu ruwansa da zancen. A ganina rabon ƙwai ya fi shiga gidan talaka.

Akwai abu guda da ya wanzu. A Gana doka ta ce a manna wa sabon firigo takarda mai taurari. Yawan taurari, ƙarancin shan wuta. Kusa da su kuma ana rubuta kWh nawa yake sha a shekara. Kayan wasu ƙasashe ma suna zuwa da irin wannan takarda, wani lokaci da haruffa maimakon taurari, A ne mafi tsimi. Kai da ka iya karatu yanzu, ran da ka shiga kanti a Maraɗi ko Yamai, kada ka tsaya ga farashi kaɗai. Nemi lambar nan ta kWh a jikin firigo biyu, ka gwada su, sannan ka fara ciniki.