Hoton ƙwaƙwalwa da wayar hannu: yadda fasaha ke bibiyar cutar Parkinson

A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, idan hannun dattijo ya fara rawa yana zaune, ko tafiyarsa ta koma ta jan ƙafa, akan ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu ne. Sau da yawa kuwa ciwon makyarkyata ne, wato cutar Parkinson, wadda ta kama ɗan dambe Muhammad Ali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da ita a shekarar 2019.

Tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamine, wanda ke sa motsin jiki ya tafi daidai. Kafin a ga alama a waje, kusan rabinsu sun riga sun mutu.

Yadda ake ɗaukar hoton

Gwajin da ya fi shahara shi ne DaTscan, wanda Turai ta amince da shi a 2000, Amurka kuma a 2011. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da ɗan tururin nukiliya, a jira awa 3 zuwa 6, sannan kyamarar SPECT ta zagaya kansa. A ƙwaƙwalwa mai lafiya, wurin yana haskawa kamar waƙafi biyu. A ta mai Parkinson, wutsiyar waƙafin na dusashewa har ya koma kamar ɗigo, kuma yakan fi tsanani a ɓangaren da ke kishiyar hannun da ke rawa.

Dusashewar ta fi tafiya tare da sanyin motsi da sandarewar gaɓoɓi, ba ta cika bin ƙarfin karkarwa ba. Saboda haka hoton yana taimaka wa likita ya bambance Parkinson da karkarwar da ake gada, amma ba ya nuna yadda mara lafiya ya kwana jiya.

Ga kuma matsalar nisa. Cibiyoyin irin wannan kyamara ƙalilan ne a Najeriya, kamar Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Sinadarin allurar kuma rabin ƙarfinsa na tafiya duk bayan awa 13, don haka ba ya ajiyuwa.

Inda waya ta shigo

Abin daɗi shi ne, likita na gane cutar ta hanyar kallon motsi da sauraron tarihin ciwon, ba dole sai da hoto ba. Kowace wayar zamani tana da na'urar jin motsi, wadda ke juya allo idan an karkata waya, kuma tana iya kama karkarwar Parkinson mai bugawa sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa ɗaya. A 2015 aka fito da manhajar mPower a iPhone, mai auna tafiya da murya da saurin taɓa allo.

Ko babu manhaja, kyamara ta isa. Matashi zai iya ɗaukar bidiyon mahaifinsa, da izininsa, yana tashi daga kujera, yana tafiya ya juyo, yana haɗa babban yatsa da manuni da sauri. A rubuta rana da lokaci, da lokacin shan magani. Irin wannan bidiyo zai nuna wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato abin da ba zai gani a ganawa ɗaya ba.

Waya ba ta yanke hukunci, aikin likita ne. Cutar ba ta da maganin warkewa tukuna, amma maganin levodopa na dawo wa mutane da yawa da motsinsu na tsawon shekaru, har su koma gona da kasuwa.